Yarona ya tambaye ni ko Buhari shugaban kirki ne, na rasa amsar ba shi

Abban Yara, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Wata magana ce ta tsaya min a rai tun daren jiya, na ce bari in kawo ta nan ko za a samu masu taya ni tunani. Yarona na biyu shekararsa 12, an ba su aikin gida a makaranta su rubuto sunayen shugabannin Najeriya da abin da kowa ya yi, muna zaune ina taya shi har muka zo kan Buhari, kawai sai ya ɗago kai ya ce Abba shi wannan mutumin kirki ne ko ba na kirki ba ne? Wallahi na buɗe baki na kasa cewa komai. Ni fa sau biyar na zaɓi bawan Allahn nan, 2003, 2007, 2011, 2015 da 2019, a 2015 har mota na shiga daga nan Legas na tafi gida don in jefa ƙuri'a, muka kasa muka tsare muka raka, ranar da aka sanar ya ci kuka na yi kamar ƙaramin yaro. Kuma ni ɗin nan dai a farkon 2023 akwai daren da muka kwana ba a ɗora tukunya ba alhali da kuɗina a banki. Ranar 13 ga Yuli 2025 da aka ce ya rasu a Landan sai da hawaye suka zubo min, amma na kasa gane ko shi nake wa kuka ko burin da muka ɗora masa. To me zan gaya wa yaron nan? Kuma nan da shekara 30 in duk mun kau, me za a ce a kansa? Don Allah a yi magana ta hankali ban da zagi.

Mai Tumatir, Mile 12:
Wa alaikumus salam. Alhaji ka gaya masa gaskiya kawai, jiki magayi. Mu 'yan gwari babu wanda zai ba mu labarin canjin kuɗin nan, a idonmu aka yi. An sauya 200 da 500 da 1000, aka ce daga 31 ga Janairu 2023 tsohon kuɗi ya daina aiki, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sabon kuma babu shi, mota ta sauke kaya da asuba ga masu saye tsaye ga tumatir a kwando amma ba tsabar kuɗi, a yi transfa netwok ya riƙe, kafin alat ya shigo rana ta take kaya sun fara ruwa, manomi kuma a can gida yana jira ya ce shi bai san wani alat ba kuɗi yake so a hannu. Tumatir ba shinkafa ba ne da za ka ce bari in ajiye sai wani sati. Kwanduna nawa aka zubar a kasuwar nan Allah kaɗai ya sani. Mai POS ka ba shi dubu goma ya cire rabonsa mai tsoka ya miƙo maka saura, kana sayen kuɗinka da kuɗinka. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris sannan aka fara numfashi, shi ma ba nan take ba. Akwai mutanen da jarinsu ya karye a wata biyun nan har yau ba su tashi ba, wasu sun koma dako a kasuwar da a da suke da rumfa. Ni wannan shi ne tarihin a wurina.

Direban Tanka, Apapa:
Allah ya mayar da alheri ɗan uwa, ba wanda zai ƙaryata ka. Amma a yi adalci mana. An manta halin da ake ciki kafin 2015? An manta bam ɗin babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwamba 2014, an manta Nyanya, an manta lokacin da sai an laluba ka kafin ka shiga masallaci ko tasha, daga Kano zuwa Maiduguri shinge a kan shinge? Ni direba ne na bi hanyoyin nan da ƙafata. Sannan jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan da ke tsayawa a ƙofar gidanku Abban Yara wa ya yi shi, ba shi ya buɗe a Yuni 2021 ba? Gada ta biyu a kan kogin Neja da aka shekara da shekaru ana alƙawari shi ya kammala, tashar jiragen ruwa ta Lekki a zamaninsa aka buɗe. Kuma lokacin da ya sauka litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, a ranar da ya miƙa mulki aka ce tallafi ya tafi, cikin kwana biyu uku ta doshi 500, yau kuma kowa ya san inda aka kai. Mutumin nan bai saci kuɗin kowa ba, bai nemi tazarce ba, wa'adinsa ya cika ya koma Daura wajen shanunsa. Tarihi zai wanke Baba in sha Allahu, waɗanda suka zage shi ma da yawa yanzu cewa suke gara jiya.

Malamar Firamare, Idi-Araba:
Malam direba ina ganin nan ne ake samun kuskure. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, wannan kewa ce ba hukunci ba. In yau ta fi jiya zafi ba shi ke nuna jiya an yi daidai ba, wani lokacin ma jiyan ce ta haifi yau ɗin. Bashin da gwamnatinsa ta ci daga Babban Banki ya haura tiriliyan 22, dab da zai sauka majalisa ta amince aka mayar da shi bashi na dogon zango, wa zai biya? Tallafin man ma a kasafin 2023 na wata shida kawai aka sa, wato an riga an shirya cire shi, an dai bar wa na gaba ya furta. Kuma maganar ayyuka, jirgin Abuja zuwa Kaduna da ya buɗe a 2016 galibin aikin a zamanin Jonathan aka yi, Gwoza ma ana gobe zaɓen 2015 sojoji suka ƙwato ta. Ba wai ina rage masa lada ba ne, ƙarasa aikin wani ma abin yabo ne a ƙasar nan da kowa ke watsar da na baya, amma a riƙa faɗin abin yadda yake.

Direban Tanka, Apapa:
Malama na yarda da batun jirgin Kaduna. Amma ai wanda ya ƙarasa ake tunawa, gadar Third Mainland an fara ta tun kafin IBB amma yau in ka tambayi kowa cewa zai yi IBB ne ya yi a 1990.

Malamar Firamare, Idi-Araba:
To ka ga abin da nake nufi kenan, abin da mutane ke tunawa daban abin da ya faru daban. Mu da muka gani da ido in ba mu gyara labarin tun yanzu ba haka yaranmu za su haddace shi a karkace.

Bakatsine a Ijora:
Ni jiharmu ɗaya da shi kuma maganar tsaro ce ta sa na shigo. Gaskiya ne bam ya ragu a birane, to amma mu mutanen Batsari da Jibiya da Safana da Faskari me za mu ce? A zamaninsa ne noma ya gagari mutane a gonar da suka gada kaka da kakanni, a zamaninsa aka fara biyan ɗan bindiga haraji kafin ka girbe abin da ka shuka. Disamba 2020 aka kwashe yara sama da 300 a makarantar Ƙanƙara, shi kuma yana Daura a lokacin, jiha ɗaya. Kafin nan da sati biyu an yanka manoman shinkafa a Zabarmari. Ga Kagara ga Jangebe ga jirgin Kaduna na 28 ga Maris 2022 da aka riƙe mutane wata da watanni. Ku duba yawan yaran da suka cika ƙarƙashin gada a garin nan, masu acaɓa da masu jari bola da masu turin ruwa, ku tambaye su daga ina suke kuma me ya koro su, ba cin rani suka zo ba gudun rai suka yi, mu da muka zo cin rani damina na faɗuwa muke komawa su kuwa ba gidan komawa. Abin da ya fi ci min rai ba gazawar ba ce, shirun ne. A kashe mutane mu yi ta sauraron rediyo ko zai zo jaje ko zai yi mana magana da bakinsa da Hausar da muke ji, sai dai mu ji sanarwar kakaki.

Almajirin Malam, Alaba Rago:
Jama'a a ji tsoron Allah, bawan Allahn nan ya riga mu gidan gaskiya. Annabi (SAW) ya hana zagin matattu, ya ce sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Kuma shi da bakinsa ya nemi yafiyar 'yan Najeriya a ƙaramar Sallar 2023 kafin ya sauka. A yi masa addu'a a bar shi da Ubangijinsa.

Malamar Firamare, Idi-Araba:
Allah gafarta Malam ba wanda ya zage shi a nan, kuma Allah ya jiƙansa ya yafe masa, da zuciya ɗaya na faɗa. Amma akwai hadisin gawar da aka wuce da ita sahabbai suka yabe ta, aka wuce da wata suka faɗi sharrinta, Annabi (SAW) bai hana su ba ya ce ku ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Sirrin gidan mutum da zunubinsa tsakaninsa da Allah ba ruwanmu, amma mulkin mutum miliyan 200 amana ce ta jama'a, in aka ce kar a tattauna shi don mai shi ya rasu to ta yaya na baya zai ɗauki darasi? Yafiya daban, mantuwa daban.

Almajirin Malam, Alaba Rago:
Na karɓi gyara Malama, in dai a kan aiki za a tsaya ba a kan mutunci ba babu laifi. Allah ya sa mu dace.

Dattijon Obalende:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ke rubuta min, ni nake faɗa, ku yi haƙuri in ya yi tsawo. Na zo Ikko tun Gowon na Dodan Barracks, ina saurayi ina tallan goro a Obalende, saboda haka na ga hawa da saukar da yawa daga cikin waɗanda kuke lissafi kuma a bakin ƙofarsu nake zaune. Abin da zan gaya muku shi ne ban taɓa ganin shugaban da hukuncin da aka yi masa ranar saukarsa ya zauna yadda yake ba.

Gowon da aka kifar a Yuli 1975 yana taro a Kampala, murna aka yi a garin nan, ana cewa ya saɓa alƙawarin miƙa mulki a 1976, gwamnoninsa sun ci kuɗi, jiragen siminti sun toshe tashar Apapa sun yi layi a teku ba iyaka. Yau fa? Dattijon ƙasa ne, ya haura shekara 90, ana cewa shi ya riƙe Najeriya ba ta rabe ba, shi ya kawo bautar ƙasa a 1973. Shagari da aka kifar ranar ƙarshe ta 1983, a lokacin ba irin sunan da ba a kira gwamnatinsa da shi ba, shinkafa ta yi wuya sabulu ya yi wuya, amma da ya rasu a Disamba 2018 kowa cewa yake mutum mai haƙuri mai gudun duniya, kuma ga gidajensa nan a Ipaja har yau da sunansa ake kiran unguwar.

Murtala kuma, ranar da aka kashe shi, Juma'a 13 ga Fabrairu 1976 da safe ina nan, muka ji harbi ta wajen Ikoyi, can sai ga muryar Dimka, sojan da ya jagoranci yunƙurin juyin mulkin, a rediyo, kasuwa ta watse. Na ga Bayarabe na kuka na ga Bahaushe na kuka na ga ɗalibai sun fito titi. Wata shida da 'yan kwanaki kawai ya yi. Ya ƙara jihohi suka zama 19, ya yanke shawarar a koma Abuja, ya sa ma'aikaci ya san ƙarfe nawa ake zuwa ofis. Ina ƙaunarsa har gobe. To amma akwai maƙwabcinmu ma'aikacin gwamnati, mutumin kirki, yana cikin dubban da aka sallama nan take ba a saurari bakinsu ba, aka fitar da shi daga gidan gwamnati da 'ya'yansa, bai ƙara zama daidai ba har ya mutu. A gidansu ba a ambaton Murtala da alheri. Da yawa daga cikin tsofaffin ma'aikata sun ce daga lokacin ne ma'aikaci ya koyi tara na gobe tun yana kan kujera, tunda ya ga ana iya korarsa da sanarwa ɗaya. Ku kuma je Asaba ku ambaci sunansa, su abin da rundunarsa ta yi musu a 1967 suke tunawa. Duk mutum ɗaya ne fa, shi ne a jikin naira 20, sunansa ne a filin jirgin Ikeja.

Shi kansa Buharin da kuke magana, na ga zuwansa na farko. Ya sa mu bin layi a tashar mota da bulala, ya canja launin kuɗi a 1984 ya rufe boda, irin abin da ya sake yi muku ne daga baya, mu mun taɓa sha. Ranar 27 ga Agusta 1985 da Babangida ya ture shi, ana cikin hidimar babbar Sallah, wallahi mutane da yawa daɗi suka ji, aka tsare shi a Benin sama da shekara uku ba wanda ya fito titi dominsa. Bayan shekara 30 sai ga 'ya'yan mutanen nan suna suma a kansa suna sai Baba. Me ya canja? Shi bai canja ba, wahalar da aka sha a hannun na bayansa ce ta wanke shi, sai kuma aikin PTF, asusun rarar kuɗin man fetur da ya shugabanta a zamanin Abacha.

Abban Yara, Agege:
Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana Baba, wannan bayani ya shige ni. Ban taɓa sanin an yi murnar saukarsa a 1985 ba, mu da muka taso labarin da aka ba mu shi ne an zalunce shi ne don ya hana sata, shi kenan.

Ɗalibi, Akoka:
Baba mun gode. Ni ina ganin tambayar ita ce tarihin wa? Don a makarantarmu in ana hirar nan da abokaina Yarabawa da Ibo sai in ga kamar ba ƙasa ɗaya muka zauna ba. Su in ka ce Buhari abin da ke fara zuwa bakinsu Lekki ne, harbin masu zanga-zangar EndSARS a daren 20 ga Oktoba 2020, sai rufe Twitter na wata bakwai, wasu ma har su jawo maka jirgin cikin gari da Jakande ya faro aka soke shi a 1985, su ce shi ya jawo wa Legas go-sulo na shekara 40. Amma su ɗin dai suna yaba masa da ya mayar da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya a 2018 ya karrama Abiola, abin da Obasanjo ɗan garinsu bai yi ba a shekara takwas. Ɗan Shi'a kuma kisan da sojoji suka yi musu a Zariya a Disamba 2015 zai ce maka. Mu ɗalibai yajin aikin ASUU na 2022 ne, daga Fabrairu har Oktoba muna zaune a gida, akwai 'yan ajinmu da ba su dawo ba. Ku ɗauki Abacha ma, a gida Kano ana sa wa yara sunansa ana cewa fetur naira 11 ga tsaro ga ayyukan PTF, a nan kuwa a Oregun aka harbe Kudirat Abiola a Yuni 1996, kuma har yau ana dawo da kuɗin da aka ɓoye a waje a zamaninsa, Switzerland kaɗai ta dawo da dala miliyan 322 a lokacin Buhari. Kuma ba 'yan kudu kaɗai ba, Shehu Musa 'Yar'adua a kurkukun Abakaliki ya rasu a 1997, Sarkin Musulmi Dasuƙi ma Abacha ne ya tuɓe shi. Amma in ka faɗi haka a majalisa a gida sai a ce an saye ka.

Ɗan Canji, Broad Street:
Ƙanena ka yi magana. Ni da lissafi nake aiki, lissafi kuma ba ya son kai. Buhari ya karɓi dala a wajen naira 197 a farashin gwamnati ya bar ta a wajen 460, a hannunmu kuma ta haura 700. Wannan tazarar da ke tsakanin farashi biyun ita ce inda aka yi kuɗin da ba a taɓa yi ba, wanda ke da hanya ya karɓo a farashin gwamnati ya kawo kasuwa, bai ɗaga ko tsinke ba ya zama attajiri. Sau biyu tattalin arziki ya durƙushe, 2016 da 2020, na san za a ce faɗuwar farashin ɗanyen mai ne da korona kuma gaskiya ne, ba shi ya kawo su ba. Amma rufe boda daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 shawararsa ce. Ni na yarda shi bai ci ba, har zuciyata na yarda. Sai dai an ci a gabansa, babban akanta na ƙasa da kansa aka kama a 2022 ana tuhumarsa da sama da biliyan 100. Makiyayi in bai taɓa yanka ko akuya ɗaya ba amma kura ta cinye rabin garke yana zaune, mai dukiya ba zai ce masa sannu da gaskiya ba.

Direban Tanka, Apapa:
Alhaji wannan misalin ya yi tsauri. Mutum ɗaya ne a cikin ɓarayi dubu, waɗanda ya yarda da su ne suka ci amanarsa, ga rashin lafiya, a 2017 kaɗai wata nawa ya yi a asibiti a Landan. Kuma rufe bodar nan ai don manomi ya yi, ku tambayi mutanen Kebbi da Jigawa yadda noman shinkafa ya tashi, injinan casa nawa aka kafa a Kano, a nan Legas ma mun ci Lake Rice, shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi, a Disamba 2016.

Ɗan Canji, Broad Street:
Shi ya naɗa su ɗan uwa, kuma shi ke da ikon sauke su bai sauke ba, minista ya shekara takwas a kujera ko ya yi aiki ko bai yi ba. Shinkafar na yarda an noma, amma nawa talaka ya saye ta?

Hajiya Mai Abinci, Agege:
Ni dai ban iya dogon lissafi ba, mudu na sani. Farantin da nake sayarwa a 2015 da wanda nake sayarwa a 2023 ba kuɗi ɗaya ba ne ba kuma girma ɗaya ba, na yanzu kuma ba a magana. Amma na ci TraderMoni dubu goma, ƙanwata ta yi N-Power shekara biyu da shi ta sayi keken ɗinki, ba zan ɓoye alheri ba. Wanda har yau nake wa addu'a kullum Umaru Musa 'Yar'adua ne, na ga ya rage kuɗin mai da kansa.

Malamar Firamare, Idi-Araba:
Hajiya kin taɓo wani abu da na daɗe ina lura da shi. Ku duba waɗanda muka fi so, Tafawa Ɓalewa, Murtala, Umaru Musa, duk a kan mulki suka rasu, biyu kashe su aka yi. Umaru bai cika shekara uku ba, ya rasu 5 ga Mayu 2010. Ya yi abubuwan da ba a saba gani ba, ranar rantsar da shi ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi akwai kurakurai, ya bayyana dukiyarsa a fili, ya yi wa tsagerun Neja Delta afuwa a 2009, ya saki kuɗin ƙananan hukumomin Legas da Obasanjo ya riƙe. To amma rikicin Maiduguri na Yuli 2009 da kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a zamaninsa aka yi, wutar da har yau ba ta mutu ba, kuma ba kasafai ake haɗa sunansa da wannan ba. Da Buhari ya rasu a 2014 bai taɓa dawowa ba, wallahi da yau cewa ake da Mai Gaskiya ya samu dama da Najeriya ta zama Dubai. Samun damar ne ya sa muka ga iyakarsa.

Ga Jonathan kuma, ba irin tsinuwar da ba mu yi masa ba, ni kaina na yi. Yau idan aka zauna sai ka ji ana lissafa jami'o'in Dutse da Dutsin-Ma da Kashere da Gusau da Gashuwa da makarantun almajirai, da wayar da ya buga ranar 31 ga Maris 2015 ya amsa kaye tun ba a gama sanarwa ba. Mu mazauna kudu mun fi kowa sanin darajar wayar nan, don da yawa sun riga sun tura iyalansu gida ana jiran abin da zai ɓarke. Amma Chibok ma a zamaninsa ne, kar kewa ta sa mu share wannan kamar yadda fushi ya sa muka share wancan.

Ɗalibi, Akoka:
Kuma Anti wani lokacin shekaru ne ke fito da abin da aka binne. IBB sai a Fabrairu 2025 ya fito fili ya amsa cewa Abiola ne ya ci zaɓen 1993, bayan shekara 32. Wa ya san abin da na kusa da Buhari za su faɗa nan gaba a kan wa ke yanke shawara a Villa lokacin da yake jinya, ko a kan canjin kuɗin nan wa ya kawo shi kuma don wa. Yanzu kowa na tsoron kujerarsa.

Bakatsine a Ijora:
Ni tsorona ɗaya ne. Gada da layin dogo suna nan za a gan su, akwai allo da suna da kwanan wata. Ƙauyen da aka tasa ba shi da allo. Nan da shekara 30 yaro zai hau jirgi a Agege a ce masa Buhari ne ya yi, amma wa zai gaya masa sunan garin kakansa da ya zama kufai? Masu rubutu a birni suke, mu namu a baki yake, in tsofaffi suka mutu ya tafi.

Mai Tumatir, Mile 12:
Wannan ita ce magana. Ko a kasuwar nan yaran da suka zo bana ba su san an taɓa kwana a layin ATM ba.

Abban Yara, Agege:
Na karanta duka har sau biyu, Allah ya saka da alheri. Yaron ya dawo daga Islamiyya na zaunar da shi, na ce masa ya rubuta jirgin ƙasa da gadar Neja da 12 ga Yuni, ya rubuta Ƙanƙara da canjin kuɗi da tsadar abinci, na ce masa mutum ne da ban taɓa jin an kama shi da satar kuɗin jama'a ba kuma mutum ne da talakawan da suka fi kowa sonsa suka sha wuya a hannunsa, ni ina cikinsu. Ya ce to Abba da za a dawo da 2015 za ka sake zaɓensa? Na ce masa eh a 2015 zan sake, a 2019 ne ban sani ba. Bai gamsu ba na gani a fuskarsa. Baba na Obalende, ya ji labarin Murtala da na karanta masa yanzu ya dame ni sai ya ga motar, wai da gaske tana nan?

Dattijon Obalende:
Tana nan ɗana, baƙar Marsandi, a gidan tarihi na Onikan kusa da dandalin Tafawa Ɓalewa, ramukan harsashi duk suna jikinta. In za ku zo ku shigo motar Obalende daga Oshodi, ku biyo ta wurina bayan azahar mu tafi tare, ƙafata ba ta nisa yanzu amma nan zan iya. Ka taho da shi da littafinsa da biro.